Yadda Ake Hawan Tsauni Mai Kurmi da Mafaɗar Ruwa: Jagora Ga Matafiyi Daga Damagaram

Ƙasar Damagaram tana da duwatsu, amma ba ta da tsauni mai kurmi. Manyan duwatsun da suke tsugune a tsakiyar Birni, da tuddan Damagaram Takaya, da na Kutus a ƙasar Gure, duk busassu ne, ban da ƙaya da ƴar ciyawar damina ba su ɗauke da komai. Ko tsaunukan Azbin, inda Bagazan ya kai mita 2,022 kuma Timiya take da ƴar mafaɗar ruwanta, duwatsun hamada ne. Saboda haka wanda yake son ya bi hanyar da itatuwa suka rufe mata sama, ya tsaya a gindin ruwan da yake faɗowa daga kan dutse, sa'an nan ya hau har ƙololuwa ya hango ƙasa shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ba makawa sai ya yi kudu.

A wannan bayani an ɗauki yankin Palime, a kudu maso yammacin Togo, a matsayin misali. A can ne Dutsen Agu yake, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a ƙasar, mita 986. An zaɓi wurin ne domin ya fi sauƙi ga mutumin Nijar: kuɗinsu sefa ne irin namu, harshen hukuma Faransanci ne, ƴan kasuwarmu sun daɗe da sanin Lome saboda tashar jiragen ruwanta, kuma Palime tana da zango inda ake jin Hausa. Matakan dai ba za su canza ba ko da mutum ya nufi Mambila ko Obudu a Najeriya, ko mafaɗar Wli a Gana.

Ƙarfin ƙafa ba ya cika gaza mutumin Damagaram a irin wannan tafiya, domin wanda ya saba taka rairayi zuwa gona cikin zafin watan Mayu ba ya tsoron nisa. Tsawon dutsen ma ba abin tayar da hankali ba ne, tunda garin Damagaram kansa yana bisa mita 450 da ɗoriya daga doron teku, kuma ciwon da ƙarancin iska yake haddasawa galibi ba ya farawa sai an haura mita 2,500. Abin da yake kayar da namu shi ne ruwa, wato laimar da ke cikin iska, da santsin da ke kan dutse, da zurfin kududdufin da ke gindin mafaɗa. Damagaram tana samun ruwan sama kusan milimita 400 a shekara, Palime kuwa tana samun fiye da ninkin wannan sau uku, alhali duk dabarun tafiya da muka gada a kan busasshiyar ƙasa aka gina su.

Zaɓen wata

Wannan shi ne mataki na farko, kuma shi ne yake yanke hukuncin sauran. Kudancin Togo damina biyu yake yi: babbar tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, sai ƙaramar ta biyo a Satumba da Oktoba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, kuma hazon nan da yake bi ta kanmu ya nufi kudu yana isa har can. Wanda ya je a tsakiyar damina zai tarar da mafaɗa cike tana ruri, amma hanya taɓo ce, kuma gajimare kan zauna a kan ƙololuwa har ya sauko bai ga komai ba. Wanda ya je a Janairu zai taka busasshiyar hanya, sai dai ruwan ya ragu ƙwarai, kuma daga ƙololuwa farin hazo kawai zai gani, irin wanda ya baro a ƙofar gidansa. Lokacin da abubuwan biyu suke haɗuwa gajere ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da ruwan sama ya ɗauke ko ya kusa, rafuka ba su janye ba, hazo kuma bai sauka ba. An yi dace wannan ya zo daidai da kakarmu, bayan an ɗaure hatsi an kai rumbu, lokacin da manomi da ɗan kasuwa suke da ɗan sarari da abin hannu.

Takardu da hanya

Togo ba ta barin baƙo ya shiga sai da katin allurar rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Dole ne a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin ranar shiga, kuma tun daga 2016 allura guda tana wadatarwa har ƙarshen rayuwa, don haka wanda ya taɓa yi ya nemo katinsa kawai. Ka tafi da fasfo maimakon ka dogara da katin shaidar ɗan ƙasa shi kaɗai, domin Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, kuma ƙa'idojin kan iyaka suna iya sauyawa.

Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce mota zuwa Yamai, kusan kilomita 900, sa'an nan jirgin sama zuwa Lome. Mai bin ƙasa zai bi ta Matamai da Dan Barto ya shiga Daura ya isa Kano, kimanin kilomita 240, daga nan Legas, Kwatano, Lome, wato iyaka uku ke nan zai ƙetare. Gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil an rufe ta a 2023, saboda haka a tambayi direbobi a tasha halin da ake ciki kafin a sa ta a lissafi. Hanyar Barkina Faso kuwa, da irin rashin tsaron da ke kanta, ba ta mai yawon buɗe ido ba ce. Daga Lome zuwa Palime kilomita 120 ne a kan kwalta, kuma a allunan hanya Kpalimé za ka ga an rubuta. Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Ka riƙe canji da yawa, ƴan dala ɗari-ɗari da jika-jika, domin a ƙauyukan dutse ba a samun mai canza jika goma.

Shirya jiki tun daga gida

Makonni shida sun isa, sau uku a mako. A makonni biyun farko ka riƙa tafiya mai sauri ta awa guda bayan sallar asuba. Daga mako na uku ka goya jakar da za ka tafi da ita, ka zuba mata gorunan ruwa har nauyinta ya kai kilo biyar ko shida, tunda lita guda kilo guda ce, sa'an nan ka nemi abin hawa: dutse, ko tudun rairayi, ko matakalar bene. Ka hau ka sauko, ka sake, har tsawon minti talatin zuwa arba'in. Kada ka raina saukowar, domin ita ce take cin naman gaban cinya da gwiwa, kuma ita ce filin ƙasarmu bai taɓa koya wa ƙafafunmu ba. Kwana goma kafin tashi ka yi doguwar tafiya guda, misali ka kama hanyar Miriya, kilomita 18, da takalmi da safar da za ka hau dutsen da su, domin duk inda takalmi zai ci ƙafa gara ya nuna a gida. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko asma, ko ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya fara wannan shiri.

Kaya

Takalmi shi ne gaba da komai. Ana son rufaffe, mai ƙasan roba mai haƙora masu zurfi, wanda ya ɗan fi ƙafa kaɗan yadda yatsu ba za su riƙa dukan gabansa a gangara ba, kuma wanda aka riga aka taka har ya saba. Takalmanmu na fata, duk kyansu, ƙasansu sumul ne, kuma idan fata ta jiƙe ƙafa tana yawo a cikinta. Ka yanke farce kafin ranar hawa, ka riƙe safa biyu.

Game da tufafi sai an ɗan yi bayani, domin a nan ne al'adarmu take cutar da mu. A Damagaram zufa tana bushewa da zarar ta fito, ta sanyaya jiki ta bar farin gishiri a bayan riga, shi ya sa yalwatacciyar rigar auduga take da daɗi. A cikin kurmi iska ta riga ta ƙoshi da laima, zufa tana kwarara amma ba ta bushewa, jiki kuma ba ya hucewa, har zafin maki 28 ya galabaitar da wanda ya saba da 40. Auduga tana shan wannan zufar ta riƙe, ta yi nauyi, ta riƙa goge hammata da matsematsi. Abin da ya fi dacewa shi ne rigar ƴan ƙwallo, wadda ba ta riƙe ruwa, kuma ana samunta da arha wajen ƴan gwanjo a Kasuwar Dole. A haɗa da dogon wando mara nauyi saboda ƙwari da ciyawa mai ƙaiƙayi. Mace ta sa wando a ciki da hijabin da bai wuce gwiwa ba, domin wanda yake jan ƙasa yana kama saiwa ya kuma ɓoye mata inda za ta taka. Rawani ba shi da aiki a inuwar kurmi, sai dai ya ƙara zafi. Hula ta isa.

A cikin jaka a sa ruwa lita uku, da rigar ruwa ta leda, da busasshiyar riga guda a ƙulle cikin leda, da tocila, da waya da takardu su ma a cikin leda. Guzuri kuwa namu na gida ya fi kowane: dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, aya. Ayaba da lemu a can ake saye. A ƙara da bandeji, filasta, farasitamol, man shafawa mai korar sauro, da ƙunshin gishiri da sukari na farmasi. Idan ba a samu ba a haɗa da hannu: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sanda mai ƙwari wadda ta kai ƙirji a can za a yanko maka.

Neman ɗan jagora

Da ka sauka Palime ka fara da zango, ka gai da mai masaukinka, in da hali ya kai ka ka gai da Sarkin Zango, ka faɗi abin da ya kawo ka da ranar da kake sa ran dawowa daga dutse. Da ɗan gari akan ci gari, amma a lura, ɗan uwanmu na zango sau da yawa ɗan kasuwa ne wanda ya shekara ashirin yana kallon Agu daga bakin shagonsa bai taɓa hawa ba. Aikinsa shi ne ya haɗa ka da amintaccen mutum. Jagoran da ake so ɗan ƙauyukan dutsen ne, mai jin harshen Ewe, wanda ya san wace hanya ce ruwa ya cinye bana. Akwai masu wannan sana'a a Palime da ƙauyen Kuma-Konda. Kafin a ɗaga ƙafa a yanke magana a kan ladansa, da hanyar da za a bi, da wanda zai biya kuɗin shiga da kuɗin zemijan, wato kabu-kabunsu.

Rana ta farko: mafaɗar ruwa

Ya fi kyau a fara da mafaɗa, a bar ƙololuwa sai gobe, domin tafiyar gajeriya ce, kuma a cikinta ne jiki zai ɗanɗani laima, ƙafa ta koyi santsi. Mafaɗar Wome tana da nisan kimanin kilomita 12 daga Palime. Ana zuwa ƙauyen a kan babur, a biya kuɗin shiga, a ratsa gonaki da ƙafa, sa'an nan a gangara wata doguwar matakala mai tsayi zuwa cikin kwazazzabo. A gonakin nan ne baƙo zai fara ganin koko: ƴaƴansa ba a ƙarshen reshe suke ba, a jikin kututturen suke fitowa kai tsaye, wasu kore, wasu ruwan ɗorawa, masu tsaga-tsaga, kuma idan jagora ya fasa guda za ka ga ƙwayoyin lulluɓe cikin farin nama mai zaƙi da ɗan tsami.

Tun kafin a ga ruwan ake jin ƙararsa, iska kuma ta yi sanyi. Daga nan sai a rage sauri. Dutsen Birni busasshe ne mai kaushi, yana kama tafin ƙafa, shi ya sa yaranmu suke gudu a kansa. Dutsen bakin mafaɗa kuwa feshin ruwa yana jiƙa shi dare da rana, gansakuka ta lulluɓe shi, kuma wadda ta fi haɗari ba koriyar nan mai kauri da ido yake gani ba ce, wata siririya ce baƙa mai ɗan sheƙi, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ka taka inda yake da tsakuwa ko yashi ko kaushi, ka sa tafin ƙafa gaba ɗaya, ka gwada da sanda kafin ka ɗora nauyinka, kuma kada ka yi tsalle daga dutse zuwa dutse. Inda wuri ya yi tsayi ka zauna ka sauka da mazaunai, babu abin kunya a ciki.

Idan hanya ta ratsa rafi, ka kwance maɗaurin jaka na ƙirji da na ƙugu yadda za ka iya yar da ita in ka faɗi, ka fuskanci inda ruwan yake fitowa, ka kafa sanda a gabanka, ka riƙa matsawa gefe-gefe da takalminka a ƙafa. Ruwan da ya wuce gwiwa kuma yake gudu ba a shiga. Abu guda da muka riga muka sani daga ƙoramun ƙasarmu yana aiki a nan ma: ruwan da aka yi a nesa yana iya cika kwari alhali sama tana garau a kanka. Idan ruwan ya fara canza launi zuwa ja, ko ya fara kawo ganyaye da ƙirare, ko ƙararsa ta ƙaru, ka bar kwazazzabon nan take ka hau sama.

Mutumin da ya tashi a garin da ake bin layin famfo da bido, idan ya ga ruwa garai-garai yana zuba ba mai tarewa, abu biyu ransa zai raya masa, ya sha kuma ya shiga. Shan dai a bari, domin akwai ƙauyuka da gonaki a sama da mafaɗar. In ruwan jaka ya ƙare a tafasa na rafin har ya yi minti guda yana tafasa, ko a jefa masa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs a jira minti 30. Shiga kuwa, wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce cinyarsa ba, kuma wanda ya koyi iyo a tafkin damina ya sani cewa wannan daban ne: ruwan yana da sanyin da yake ɗaure nama, ƙasansa yana zurfafa farat ɗaya, kuma daidai inda yake faɗowa yana juyawa ya danna mutum ƙasa. Kada a yi alkafura daga kan dutse, kada kuma a hau bakin mafaɗar ta sama domin ɗaukar hoto. A ajiye ƙarfi, domin matakalar da aka sauko ita za a hau a koma.

Mai sauran ƙarfi da yamma ya hau Dutsen Kloto ta wajen Kuma-Konda, inda idan sama ta washe ake hango Tafkin Volta a Gana, wanda madatsar Akosombo ta tara tun 1965. Mafaɗar Kpime tana kusa da hanyar Atakpame, amma akwai madatsar wutar lantarki a samanta, don haka da rani ruwanta kaɗan ne. Ta Aklowa, kusa da Badu, ta fi su ƙarfi, sai dai tana buƙatar rana tata daban.

Rana ta biyu: ƙololuwa

Akwai kwalta da take hawa har kan Agu, kuma wanda gwiwarsa ba ta da lafiya ya bi ta a mota, ba laifi. Hanyar ƙafa tana tashi daga ƙauyukan gindin dutsen, irin su Nyogbo, kuma hawan ya kai kimanin mita 700. Masu hawan duwatsu suna da wani lissafi da wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya tsara a 1892: awa guda ga kowane kilomita 5, a ƙara awa guda ga kowane mita 600 na hawa. Lissafin na mai ƙarfi ne a ƙasa mai sanyi, don haka baƙon laima ya ƙara masa aƙalla sulusi, ban da hutu. Ka sa awa uku zuwa huɗu a ranka domin hawa, da kusan haka domin saukowa.

A tashi da an sallame asuba, a kasance a gindin dutsen da fitowar rana, wajen ƙarfe 6 agogon Togo. Kafin a fara, ku yanke da jagora lokacin juyawa, misali ƙarfe 12 na rana, wanda in ya cika za a juyo ko an kai ko ba a kai ba. Dalili shi ne a Nuwamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 6 na yamma, kuma a ƙarƙashin itatuwa duhu yana riga faɗuwarta, ba kamar filinmu ba inda ake ganin hanya har bayan magariba.

Sannu-sannu kwana nesa. Ma'aunin sauri shi ne ka iya magana da jagora kana tafe ba tare da numfashi ya yanke ba; in ka kasa, ka rage. Ka riƙa gajeren taku, ka huta minti biyar zuwa goma a kowace awa, ka ci dabino biyu ko uku. Mu mutane ne masu alfahari da jure ƙishirwa, amma wannan juriyar a ajiye ta a gindin dutse, a riƙa kurɓa kowane minti ashirin, kimanin rabin lita a awa, kuma gora guda ta kasance ta gishiri da sukari. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar ƙwauri, ko fitsari kaɗan mai duhu, duk alamu ne na cewa zafi ya fara cin jiki. Mai jin haka ya zauna a inuwa, ya jiƙa kai da wuya, ya sha, kuma in bai warware ba cikin rabin awa a juya. Inda ka ji takalmi ya fara zafi a dunduniya ka tsaya ka manna filasta kafin ya zama bororo.

Idonka ya fi zama a ƙasa. Za ka ci karo da jerin kwarkwasa ya ratsa hanya, baƙin layi mai faɗin yatsu biyu ko uku yana malala, manyan masu ƙaton kai suna tsaye a gefe da baki buɗe. A tsallake da dogon taku, a yi gaba kaɗan, sa'an nan a buga ƙafa a duba wando. Wanda ya tsaya kallo a kusa sai ya ji cizo a cinya. Kada ka sa hannu a rami ko ƙarƙashin gungume, kuma ka duba reshe kafin ka kama. In maciji ya sari wani, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada kuma a ɓata lokaci a kan baƙin dutsen nan da ake mannawa a kan sara. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda yadda ba za ta motsa ba, a ɗauki mutumin zuwa kwalta a nemi abin hawa. Akwai asibitin Bethesda a Nyogbo, a gindin dutsen.

Agu ba daji ne da ba kowa ba. Ƙauyuka ne a manne a jikinsa, da gonakin koko da kofi da ayaba da fiya a ƙarƙashin manyan itatuwa, kuma kowace bishiya da mai ita, don haka ba a tsinka sai an saya ko an ba ka. Ka gai da duk wanda ka tarar, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, kuma inda jagora ya ce wannan kurmin ko wannan dutsen na tsafin gari ne ba a shiga, ka kewaye ba gardama. Za ka gamu da mata suna gangarowa da daro cike da ayaba a ka, da silifa a ƙafa, suna tafe suna hira a inda kai kake dafa ƙasa. Ka ba su hanya, ka tsaya ta gefen dutse, kuma kada silifansu su ruɗe ka, domin tun suna yara suke taka wannan hanyar.

A kan ƙololuwa akwai dogayen ƙarafan sadarwa da sojoji masu gadinsu. Ka bar jagora ya yi magana, ka nuna takardarka in an tambaya, kuma kada ka juya waya wajen sojojin ko kayan da suke gadi. Iska takan yi sanyi da maki shida a kowane mita 1,000 na hawa, saboda haka saman ya fi gindin sanyi da maki huɗu ko makamancin haka, kuma ga iska tana kaɗawa a kan jiƙaƙƙiyar riga. Ka canza zuwa busasshiyar nan take. Idan ka tarar da gajimare ya rufe, ka ba shi rabin awa kana cin guzuri, domin sau da yawa yana yayewa. In ya buɗe za ka ga fili kore ya miƙe kudu da gabas wajen Lome, rufin kwanon Palime a arewa maso yamma, da jerin tsaunukan da suka bi iyakar Gana a bayanta. Amma in ka ji tsawa, ka ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙara, kowane uku kilomita guda ne, kuma in ba su kai 30 ba ka bar ƙololuwa da ƙarafanta ka gangara, ba tare da ka fake a gindin doguwar bishiyar da take tsaye ita kaɗai ba. Mai son yin azahar a hanya ya sani alƙibla a nan gabas ce da karkata zuwa arewa, fiye da yadda muka saba a gida da ɗan kaɗan.

Saukowa

Yawancin faɗuwa da targaɗe a nan suke faruwa, domin ƙafa ta gaji kuma hankali ya riga ya koma masauki. Kafin ka fara ka ƙara ɗaure igiyar takalmi sosai a wajen idon sawu domin ƙafa ta daina zamewa gaba. Ka sassauta gwiwa, kada ka miƙar da ita ƙyam, ka sa sanda a gaba kafin ƙafa, ka riƙa ɗan taku. Kada ka jingina baya don tsoron gangara, domin hakan ne yake sa dunduniya ta kufce. Nauyinka ya zauna daidai kan ƙafafunka. Jar laka da jiƙaƙƙen ganye da saiwar da ta fito fili duk santsi ne, kuma saiwa ana tsallake ta ne, ba a taka ta. A wuri mai tsayi ka juya gefe ka sauka a karkace. Ku bar tazara tsakaninku saboda tsakuwar da na sama yake turowa, kuma kada a bar mai rauni a ƙarshen layi shi kaɗai. Ledoji da gorunan da ka hau da su ka sauko da su.

Da an isa masauki a sanar da wanda aka bar wa saƙo, a wanke duk wani ƙurji da sabulu a rufe shi, domin a ƙasa mai laima ƙaramin rauni yana saurin ruruwa. A cusa takarda cikin takalmi ya sha ruwan, a kwana cikin gidan sauro. Ciwon cinya yakan fi tsanani a kwana na biyu, don haka kada a sa doguwar tafiyar mota washegari in da hali. Idan zazzaɓi ya zo a cikin makonnin da suka biyo bayan dawowa Damagaram, a je a yi gwajin jini, a kuma faɗa wa likita inda aka je da ko an shiga ruwa.